Jariri yana shan nono amma nauyinsa ya tsaya: a gyara shayarwa, a tatsa, ko a sayi madarar gwangwani?

A gidaje da yawa a Zariya, ranar rigakafin mako shida ce ranar da maganar nauyin jariri ke fara tasowa. Malamar asibiti za ta ɗora shi a sikeli, ta dubi abin da aka rubuta a katinsa ranar haihuwa, ta ce bai ƙaru yadda ake so ba, kuma kafin a kira la'asar mai jego ta riga ta ji shawarwarin da ba su jitu da juna ba. Uwar miji za ta ce, "Ai na faɗa tun tuni, nonon nan bai ishe shi ba, a dama masa koko mai ruwa-ruwa." Maigida zai ce a gaya masa sunan madarar da ake saye ya biya ta Sabon Gari. Wata maƙwabciya za ta leƙa bakin yaron ta ce belu ne, a kira wanzami. Ita kuwa malamar asibiti ta riga ta ce nono zalla har wata shida. Babu mai nufin yaron da sharri a cikinsu, amma hanyoyin nan sun sha bamban wajen amfani da tsada da haɗari, kuma sanin wadda ta dace ya rataya ne a kan sanin abin da ya tsayar da nauyin.

Kafin a kwatanta su sai an tabbatar akwai matsalar. Jarirai sukan rage nauyi a kwanakin farko, wani lokaci har kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwa, sannan su mayar da shi cikin kwana 10 zuwa 14, saboda haka wanda aka auna wajen ranar suna aka ga ya yi ƙasa kaɗan bai zama abin tayar da hankali ba. Daga nan, a watanni ukun farko, lafiyayyen jariri yakan ƙara wajen giram 150 zuwa 200 a mako, wasu ma fiye da haka, kuma ma'aikatan lafiya suna riƙe da wani ma'auni mai sauƙi: a watannin farko, ƙarin da bai kai rabin kilo a wata ba bai wadatar ba. A jadawalin girma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, matsakaicin ɗa namiji yana da kilo 3.3 a haihuwa, 4.5 a wata ɗaya, 5.6 a wata biyu, mace kuwa 3.2 da 4.2 da 5.1. Waɗannan matsakaita ne, ba farilla ba. Wanda aka haifa da kilo 2.6 ba za a sa ran ya kamo wanda aka haifa da 3.8 cikin wata guda ba. Abin dubawa shi ne ko layinsa a kati yana bin sahun layukan da aka buga a ciki, ko ya miƙe, ko ya sunkuya. Awo ɗaya ba ya nuna wannan. Ana bukatar aƙalla biyu, da tazarar mako ɗaya ko biyu, a sikeli ɗaya, kuma a tuɓe yaron, domin wanda aka auna da hula da safa da shawul cikin sanyin Janairu, aka sake auna shi ba kaya a wani asibitin daban, bambancin kaya da na sikeli zai iya haɗiye ƙarin mako guda cur.

A gida ma akwai abin da uwa za ta ƙirga da kanta. Bayan kwana biyar da haihuwa, jaririn da nono ke isarsa yakan yi fitsari sau shida ko fiye tsakanin yini da dare, fitsarin fari-fari marar ƙarfin wari. Famfas yana shanye fitsari ya ɓoye adadinsa, don haka gara a koma nafkin na yini guda domin a iya ƙirgawa. A makonni huɗu zuwa shida na farko ana sa ran kashi rawaya mai laushi sau da dama a rana. Bayan wannan lokacin mai shan nono zalla yana iya kwana biyu ko uku bai yi ba alhali lafiyarsa ƙalau. Abubuwan da aka fi kafa hujja da su kuwa, wato yawan kuka, da yawan neman nono, da laushin da nonon uwa ke yi bayan makonnin farko, da cewa an matsa an ga ɗan kaɗan ne ya fito, babu ɗaya daga cikinsu da ke tabbatar da ƙarancin nono. Wanda ya fi ba ni tsoro ma shi ne jaririn da kowa ke yabo da haƙuri, mai barcin awa biyar ko shida a jere tun yana mako biyu, wanda zai ɗan tsotsa na minti uku ya koma barci. Sau da yawa ƙarfin yin kukan ne babu.

Akwai halin da ba a tsayawa auna zaɓi. Idan jariri ya ƙi kama nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya alhali bai cika wata biyu ba, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi, ko yana jijjiga, ko maɗigarsa ta faɗa, ko shawara ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi laƙwas ba ya motsi sai an taɓa shi, wannan na asibiti ne a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen jarirai, akwai Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofan Gayan, akwai cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau da asibitin Wusasa. Ko da babu waɗannan alamu, da zarar awo biyu sun nuna nauyi ya tsaya, ya kamata likita ya duba yaron, domin ciwon mafitsara yana iya ɓuya a jikin jariri ba tare da zazzaɓi ba, ciwon zuciya na haihuwa yakan bayyana ne da gumin goshi da saurin gajiya yayin shan nono, ga linzamin harshe, ga tsagewar ganɗa, ga farin abu a harshe da kumatu wanda ba ya goguwa kuma yana sa baki ciwo. Babu madarar da ke maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Idan an duba babu ciwo, hanyar da ya kamata a fara da ita kusan a kowane hali ita ce gyara shayarwar kanta. Nono ya fi kama da rijiya fiye da randa: gwargwadon ɗibar da ake yi, gwargwadon tsattsafowarsa. Tsotson jariri ne ke sa jikin uwa ya saki sinadarin da ke haɗa nono da wanda ke tunkuɗo shi, na farkon kuma ya fi yawa da dare, sannan nonon da aka bari cike na tsawon lokaci jiki yakan rage haɗa wani. A mafi yawan gidajen da ake cewa nono bai isa ba, nonon yana nan ko zai iya samuwa, isa cikin yaron ne ba ya yi.

A zauna a kalli shayarwa ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Abin da aka fi gani shi ne uwa ta sunkuya a kan yaro, shi yana kwance a cinyarta cikinsa na kallon rufin ɗaki, wuyansa a murɗe, ta danne kan nono tsakanin yatsu biyu ta tura masa, yana tsotsar kan kaɗai, kumatunsa na lotsawa, ana jin ƙarar tsut-tsut. Ita tana cije leɓe saboda zafi, kan nonon ya tsage, shi kuma zai yi rabin awa a haka ya tashi da yunwa. Yadda ya kamata shi ne a juyo shi cikinsa ya manne da nata, kansa da jikinsa a miƙe, a tallafi dukkan jikin ba wuya kaɗai ba, hancinsa ya zo daidai kan nono, a jira ya wage baki sosai sannan a jawo shi zuwa ga nonon. In ya kama daidai, haɓarsa za ta taɓa nono, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono a fi ganinsa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa, tsotson ya zama mai zurfi a hankali da ɗan tsayawa, kuma wanda ya kasa kunne zai ji haɗiya. Zafin da uwa ke ji yakan ragu nan take, wanda shi kansa shaida ne cewa an dace.

Bayan kamu sai yawa. Jaririn da nauyinsa ya tsaya yana bukatar nono sau 8 zuwa 12 tsakanin yini da dare, kuma mai yawan barci tashinsa ake yi, kowace awa biyu ko uku, a rage masa kaya, a shafa tafin ƙafarsa, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata. A bar shi a nono ɗaya har ya saki da kansa kafin a juya shi, domin maiƙon nono yana ƙaruwa ne yayin da nonon ke raguwa, kuma yaron da ake cirewa bayan minti biyar nonon farko mai ƙarancin maiƙo kawai yake sha. Idan tsotsonsa ya yi sanyi, uwa ta tallafi nonon ta matsa shi a hankali, za ta ga ya ci gaba da haɗiya. Faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi. Mai jegon da ke zare yaro daga nono duk lokacin da 'yan barka suka yi sallama, ko tuwo ya nemi tuƙi, ko yaran gida suka dawo daga islamiyya, ba za ta kai sau goma ba. A nan ne al'adar tafiya wanka gidan iyaye take da alfanun da ba a cika lissafawa ba, domin tana ɗauke wa uwa girki da wanki. Wadda ba ta tafi ba kuwa, mafi girman taimakon da maigida da uwar miji za su yi mata shi ne a samo wadda za ta riƙe aikin gida na mako guda, ita ba ta da aiki sai shayarwa da ci da barci.

Abincin uwa yana da muhimmanci, amma bai kai yadda ake zuzutawa ba: ko siririyar mace nononta yana da inganci. Ta ƙara cin abinci sau ɗaya a kan yadda ta saba, ta sha ruwa duk lokacin da ta ji ƙishirwa, ta samu wake da ƙwai da gyaɗa da zogale da nama gwargwadon hali. Kunun gyaɗa da fura abinci ne masu kyau. Kunun kanwa kuwa, wanda ake cika wa mai jego kwano da shi da sunan kawo nono, yana bukatar taka-tsantsan, kuma a garin nan ne aka yi fitaccen binciken da ya ja hankali a kansa: a shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a, Davidson da Parry, sun rubuta yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa a yankin Zariya, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Wadda ke da hawan jini ko kumburin ƙafa ba ta da abin yi da kanwa. Ita ma uwar a duba ta, domin zubar jini mai yawa wajen haihuwa, da ragowar mabiyiya a mahaifa, da sabon ciki, da ƙwayoyin tazarar haihuwa masu haɗin sinadari biyu, duk suna rage nono. Akwai wasu hanyoyin tazarar da ba sa taɓa shi, sai a tambaya a canza.

Wannan hanya ba ta cin kuɗi, tana ƙara nonon maimakon rage shi, kuma tana bar wa yaro kariyar da nono ke bayarwa daga gudawa da ciwon huhu. Rauninta shi ne tana bukatar kwanaki kafin a ga sakamako, tana bukatar wanda ya iya ya zauna ya gyara kamun da hannunsa, kuma ba ta isar jaririn da ya riga ya yi rauni har ba ya iya tsotsa da ƙarfi. Shi ya sa ba a shigarta sai da wa'adi. A sa ranar komawa awo bayan mako ɗaya. In ya ƙara wajen giram 150 ko fiye, a ci gaba. In bai ƙara ba, a haɗa da wata hanyar. Naci a kan nono zalla alhali sikeli yana sauka ba bin shawarar asibiti ba ne.

Hanya ta biyu ita ce tatsar nono a ba yaro a ƙaramin kofi bayan ya gama sha. Ita ce ta fi dacewa da bakwaini, da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5, da mai yawan barci, da duk wanda nono yana nan amma ƙarfin jawo shi ne ya gaza. Ba sai da na'ura ba. Uwa ta wanke hannu da sabulu, ta ɗauraye kofi mai faɗin baki da tafasasshen ruwa, ta ɗora babban yatsa a saman baƙin nono da manuni a ƙasansa, ta danna baya wajen ƙirji sannan ta matsa ta saki, tana zagayawa, tana sauya nono, na minti 20 zuwa 30. Karon farko cokali ɗaya ko biyu za ta samu, kada wannan ya karya mata gwiwa, domin tatsar kanta ɗiba ce, kuma cikin 'yan kwanaki jiki zai amsa. Wajen bayarwa a zaunar da yaro a cinya a tallafe, a ɗora bakin kofin a kan leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen, a bar shi ya lasa ya kurɓa da kansa. Ba a zuba masa, ba a kwantar da shi a yi masa ɗura, domin ɗura ce ke kai abin sha cikin huhu. An fi son kofi a kan fida saboda ya fi sauƙin wankewa, kuma jaririn da ya saba da robar fida mai zubo madara ba wahala yakan fara ƙin nono.

Abin da ake biya a wannan hanya lokaci ne da gajiya, domin shayarwa da tatsa da bayarwa sau da dama a rana ba ƙaramin aiki ba ne, kuma sai da mataimaki. Sai batun ajiya. Nonon da aka tatsa aka rufe yana kai awa huɗu a ɗaki, a zafin Maris da Afrilu kuwa gara a ba da shi tun kafin haka. A firiji yana kai kwana huɗu, amma firijin da wuta ke zuwa masa tana ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Ana ɗumama shi ne ta hanyar tsoma kofin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora shi a wuta. Wannan ce kuma hanyar da ke ceton nonon uwar da dole ta fita. Gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida a 2019, amma ɗalibar da ke da lacca a harabar jami'a ta Samaru ko ta Kongo, da malamar makarantar kuɗi, da mai shago a kasuwa, babu wanda ya ba su wannan hutun, kuma a wajensu sau da yawa nauyin yaro yana tsayawa ne daidai makon da suka koma.

Madarar gwangwani ta jarirai ita ce hanya ta uku, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta ta fuska biyu: wasu na ɗaukarta alamar gata da wadata, wasu na ɗaukarta abin kunya ga uwa. Akwai lokacin da ita ce daidai. Idan uwa ta rasu ko tana kwance rai a hannun Allah, ko tana shan maganin da likita ya ce bai dace da shayarwa ba, ko an gyara kamu an tatsa an yi duk abin da ya kamata amma nonon bai wadata ba, ko jariri ya wuce mako biyu zuwa uku bai mayar da nauyin haihuwa ba kuma abin da ake tatsa bai isa ba, to madarar da aka haɗa daidai ta fi yunwa nesa ba kusa ba, kuma ba a bar uwa da zargin kanta ba. Fa'idarta a fili take: ana ganin adadin da yaro ya sha, kuma nauyi yakan motsa da sauri.

To amma kafin maigida ya nufi kanti ya yi lissafi. Jaririn da ke kan madara kaɗai yana shan wajen kilo 20 na garinta a watanni shidan farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. A tambayi farashin guda a ninka sau 50, a ɗora kuɗin gas ko gawayi da ruwa da sabulu. Wanda ake yi wa ciko kawai ba zai kai haka ba, sai dai ciko yana da halin girma, domin duk kofin da yaro ya sha yana rage tsotsonsa, raguwar tsotso tana rage nono, sai a ƙara wani kofin. Haɗari mafi muni yana zuwa ne ranar da aljihu ya gaza a tsakiyar wata, aka fara rage cokali ana ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen mako. Yaro zai cika ciki ya yi shiru, yana ramewa, ga nonon uwar ya riga ya tafi. Wasu kuma sukan koma madarar shayi ta gwangwani ko ta leda, wadda ba a yi ta domin jarirai ba sam.

Sai tsafta, wadda a garin da gidaje da yawa ke dogaro da 'yan garuwa da rijiya da burtsatse ba ƙaramar magana ba ce. Garin madarar kansa ba a tsarkake yake daga ƙwayoyin cuta ba, shi ya sa ƙa'ida ita ce a tafasa ruwa, ko na leda ne, a bar shi ya huce na abin da bai wuce minti 30 ba domin zafinsa kada ya yi ƙasa da digiri 70, a fara auna ruwan, sannan a zuba gari da cokalin da ke cikin gwangwanin a shafe bakinsa daidai yadda aka rubuta, a kaɗa, a sanyaya kofin cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji, abin da ya rage kuma bayan awa biyu a zubar. A ƙiyasta yin wannan da ƙarfe biyun dare, babu wuta, ana haskawa da fitilar waya, yaro yana tsala kuka, sannan a sake yin sa da asuba. Gidan da ba zai iya riƙe wannan kullum ba, madarar za ta iya kawo masa gudawar da za ta zubar da duk nauyin da aka samu. Idan za a saya, a duba wadda aka rubuta ta haihuwa zuwa wata shida, mai lambar rajistar NAFDAC, wadda wa'adinta bai ƙare ba, a rufe ba wadda ake aunawa a ƙulla a leda ba, kuma tsada ba ita ce shaidar inganci ba. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta hana tallata wannan madara ga iyaye mata, saboda an ga ɓarnar da tallar ta yi a ƙasashe irin namu.

A ganina madara ta fi amfani idan aka riƙe ta riƙon magani: likita ya faɗi adadi, a ba da ita bayan nono ba kafinsa ba, a kofi, uwa ta ci gaba da shayarwa da tatsa, a riƙa awo kowane mako, kuma da zarar nono ya ƙaru a fara janyewa kaɗan-kaɗan. Uwar da ke ɗauke da cutar ƙanjamau kada ta haɗa nono da wani abu bisa ra'ayin kanta sai ta yi magana da masu ba ta magani.

Akwai wata hanyar da aka soma mantawa da ita, wato wata mai shayarwa ta taimaka. Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwar shekara biyu, ita ce kuma ta halatta ba da yaro shayarwa, kuma kowa ya san labarin Halimatus Sa'adiyya. A yau sharaɗin shi ne a yi wa mai shayarwar gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, sannan dangi biyun su sani su kuma riƙe, domin shayarwa tana haramta aure, kuma a inda auren zumunci ya yawaita mantuwa a nan ba ƙaramin rikici take haifarwa ba bayan shekara ashirin.

Ragowar abubuwan da ake ba da shawararsu ba su shiga sahun zaɓi ba, duk da cewa su aka fi yi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla, ruwa kuma shi ne abin da aka fi haɗawa da shi. Nono kansa kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ne, yana kashe ƙishirwar jariri ko a tsakiyar bazara. Ruwan da aka ba shi wurin nono yake tarewa a ɗan ƙaramin cikinsa ba tare da ya ƙara masa komai ba, don haka ga yaron da nauyinsa ya tsaya ruwa ƙara ramar yake yi. Uwar ce za ta sha. Koko mai ruwa-ruwa bai kai nono ƙarfi ba, kuma hanjin ɗan wata biyu bai shirya masa ba. Madarar shanu ko ta akuya ta yi wa ƙodarsa nauyi. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Addu'a kuwa ana iya tofa masa ita ba sai an ba shi rubutu ya sha ba. Cire belu ba ya ƙara nauyi, abin da yake jawowa zubar jini ne da shigar cuta da ciwon maƙogwaron da zai hana yaro shan nonon ma. Haka ruwan maganin ƙara cin abinci da ake karɓowa a kemis. Gwajin da wasu tsofaffi ke yi na jefa tururuwa cikin nono don a ga ko yana da kyau ba ya nuna komai, kuma uwar da aka ce wa nononta ba shi da kyau an cuce ta an cuci ɗanta.

A ɗauki misalai. Yarinya 'yar mako shida, an haife ta da kilo 3.0 yanzu tana 3.5, idonta a buɗe, tana fitsari sau shida, uwar na kukan tsagewar kan nono: wannan ta gyaran kamu ce da ƙara yawan shayarwa, a dawo awo bayan mako guda. Yaro ɗan mako uku da aka haifa da 2.3, yana barci a kan nono, bai wuce nauyin haihuwa ba: likita ya gan shi yau, a fara tatsa ana ba shi a kofi yau, in abin da ake tatsa bai kai adadin da aka ce ba a cika da madara ba tare da jiran wani mako ba. Ɗan wata uku da ke tafiya daidai har uwarsa ta koma makaranta: a tatsa a bar masa, a ƙara shayarwar dare. Wanda kuma ya kai wata huɗu ko biyar aka ga ƙarinsa ya ragu idan aka kwatanta da na farko, yawanci haka girma yake, domin matsakaicin namiji da ke ƙara fiye da kilo ɗaya a watan farko bai fi ƙara rabin kilo ba tsakanin wata huɗu da biyar. In layinsa bai sunkuya ba, ba dalili ba ne na fara kunu kafin wata shida. In ya sunkuya, a kai shi a duba, kuma likita ne zai ce ko a yi ciko ko a ɗan gaggauta fara abinci. Ranar komawa awo a tafi da katin, da ƙirgen fitsarin yini guda, da adadin da ake ba shi a kofi in ana ba shi, kuma a nemi malamar asibiti ta zauna ta kalli shayarwa ɗaya da idonta kafin a yanke shawarar mataki na gaba.